Wuƙar Da Inna Ke Tsoro

"Ba a sa mai wuƙa! Na rantse da Allah, muddin ina numfashi ba mai yanka mini ɗa!"

Muryar Inna Lantana ce ta cika tsakar gida, har kajin da ke tono a gindin rijiya suka watse. Na'ima na durƙushe a ƙofar ɗakin surukarta, ko mayafi ba ta cire ba. Mijinta Lukman kuwa ya samu benci ya zauna, ya sunkuyar da kai kamar ba a kansa ake magana ba. Saukarsu ke nan daga motar Sakkwato.

Lukman mahauci ne ɗan mahauci. Teburin naman da yake tsayawa a kasuwar Talata Mafara na mahaifinsa ne, marigayi Alhaji Sallau. A bakin teburin nan ya fara ganin Na'ima, ranar da ta rako gwaggonta daga Bakura sayen naman biki. Ya rikice ya auna musu hanta a maimakon tsoka, mahauta suka yi ta yi masa dariya. Shekara biyu ke nan da aurensu. Allah bai kawo haihuwa ba tukuna, amma ba wanda ya taɓa jin kansu.

Sai ya fara ganin jini in ya zaga. Ya ce basir ne, ya sha jiƙo, ya sha na kwalba. Wando ya fara zame masa daga ƙugu. Na'ima ce ta tasa shi gaba da kuka har asibiti, daga nan aka tura su Sakkwato, aka zura masa na'ura mai kyamara, aka ɗebi ɗan nama aka auna. Yau likitar, Dakta Farida, ta zaunar da su ta faɗi sunan abin: ciwon daji ne a ƙarshen babban hanji.

"Inna, don Allah ki saurare ni," in ji Na'ima. "Dakta ta ce hanya biyu ce. Ko a yi mai aiki a cire wurin da ya lalace, a sa mai jaka a gefen ciki kafin hanjin ya warke. Ko kuma a yi ta ba shi kemo, maganin nan da ake ƙarawa ta jijiya. Amma ta ce kemo shi kaɗai rage ciwon yake yi, bai cire shi. Aikin shi ne—"

"Aikin shi ne mi?" Inna ta katse ta. "Kina ina sa'adda anka shiga da Alhaji ɗakin aikin nan yana magana da bakinshi, anka hito da shi da robobi ta hanci ta ciki? Wagga cuta ba ta son ƙarhe! Da ta ji wuƙa sai ta watsu. Kowa ya sani!"

"Inna, ta ce ba haka ba ne."

"Ta ce, ta ce! Ita ta haifa mini shi?" Inna ta ƙura mata ido, sannan ta saki maganar da ta daɗe tana yi wa Na'ima ciwo. "Ko kin gaji ne tun yanzu? So kike a yanka shi a gama, ki kwashe kayanki ki koma Bakura, tunda ba ki aje ko ɗa guda ba?"

"Haba Inna!" Sai yanzu Lukman ya ɗago.

Na'ima ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Hawaye suka zubo, ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna," ta tashi ta shige ɗaki.

Bayan la'asar ya same ta zaune bakin gado tana ninke kayan da ta riga ta ninke.

"'Yar Bakura, sori. Kin san maganar nan ba daga zuciyarta ta fito ba."

"Ni ba maganar Inna ke damuna ba, shirunka ke damuna. Kai me kake so? Cikinka ne fa."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da gadon.

"Ni mahauci ne, Na'ima. Tun ina yaro nake wanke hanji a mayanka. Na san laushinsa, na san yadda yake yagewa. Lokacin da Dakta ke nuna mana wurin da za a yanke, kaina nake gani kwance a kan teburina." Ya dube ta. "Kuma ni na yi jinyar Baba. Bayan aikin aka hana shi ruwa. Ya yi ta kama hannuna yana cewa, 'Lukman, ko ɗigo ɗaya.' Ban ba shi ba, don an ce kada a ba shi. Haka ya tafi da ƙishirwarsa. Tun da aka fara gwaje-gwajen nan, da rana tsaka ina cikin ciniki sai in ji muryar nan a bayana. In na waiwaya, ba kowa."

Ta sauko ta zauna kusa da shi.

"Don Allah mu gwada kemo ɗin," ya ce. "Ba zan iya haɗa tsoron wuƙa da fushin Inna ba."

Ta so ta yi ihu, ta girgiza shi. Amma da ta dubi idonsa sai ta ga ɗan yaron da ya riƙe hannun ubansa a asibiti.

"To. Duk hanyar da ka bi ina tare da kai. Amma ka yi mini alkawari: in an sake duba ka Dakta ta ce aiki, za mu sake zama mu yi magana."

"Na yi."

Dakta Farida ba ta yi musu faɗa ba. Ta ce a irin wurin da ciwonsa yake, dama akan fara da magani don ya ƙanƙance, saboda haka ba su yi asara ba tukuna. "Amma ku riƙe wannan," ta ce, "share hanya ne kawai muke yi."

Daga nan rayuwarsu ta koma hanyar Sakkwato. Duk bayan sati uku su hau motar safe. Ɗakin kemo dogo ne, kujeru a jere, kowa da robarsa a rataye tana ɗiga, ba mai yawan magana. A ɗaura wa Lukman nasa har azahar, a haɗo shi da ƙwayoyin da zai sha a gida.

Ranar farko, a tasha, zafi ya ishe shi ya sayi ruwan leda mai sanyi. Yana taɓawa ya yar da shi da ƙara.

"Wayyo! Kamar lantarki ya ja ni!"

Sai a lokacin suka tuna nas ta gargaɗe su: maganin ba ya shiri da sanyi, ko a hannu ko a maƙogwaro. Tun daga ranar Na'ima ta daina ba shi komai daga firji. Ruwan sha a filas, ruwan alwala sai ta ɗumama, ko murfin tukunya ba ta bari ya taɓa da safe. Ana tsananin zafin bazara, shi yana yawo da safa.

Sai amai, sai gudawa, sai gyambo a baki. Duk abin da ya sa a baki ɗanɗanon ƙarfe yake yi masa. Na'ima ta kawar da cokula ta nemo ludayin duma. Ta daina zuba masa kwano cike, don ganin yawan abincin ma tada masa zuciya yake yi. Sai kunun gyaɗa mai ɗumi kaɗan yanzu, kaɗan an jima, fate mai laushi ba yaji, ruwan gishiri da sukari in gudawar ta tsananta. Tafin hannunsa da na ƙafarsa suka yi baƙi suka fara saɓulewa, kullum tana murza musu man kaɗanya a hankali tana ba shi labarin shirmen da ta yi a makaranta, ko zai yi murmushi. Wata safiya ta taɓa goshinsa ta ji zafi rau. Inna ta ce a jira zuwa yamma a gani. Na'ima ta ce, "Ki gafarce ni Inna, Dakta ta ce zazzaɓi a kan kemo ba a jira da shi," ta fita da gudu ta tare mai adaidaita-sahu. Kwana huɗu ya yi a gadon asibiti.

Abin da ya fi karya masa zuciya shi ne nama. Wanda ya tashi cikin ƙaurin mayanka, yanzu ko ƙamshin tsire ya biyo iska sai ya durƙusa yana kakari. Duk da haka wata Talata ya nace sai ya je kasuwa. Ya tsaya a bakin teburinsa ya ɗauki wuƙa, sai ya ji yatsunsa kamar an naɗe su da tsumma. Ya daure ya fara yanka. Bai san ya datse babban yatsansa ba sai da matar da ke sayen naman ta kwarma ihu tana nuna jinin. Ya ɗago a firgice. Can tsallake, a cikin masu shanu, ya hango wani dattijo mai farar hula, mai ɗan rankwafawa irin ta Alhaji Sallau, tsaye yana kallonsa. Wata motar kaya ta gifta. Da ta wuce, ba kowa a wurin.

Balarabe, mahaucin da ke teburin kusa da nasa, shi ya ɗauko shi a mashin ya kawo shi gida. Na'ima na ɗaure masa yatsan, idonsa ya faɗa kan madubin bango.

"Na'ima, rufe madubin nan."

"Me ya faru?"

"Fuskar Baba ce. Haka kumatunsa suka faɗa. Rufe shi, na roƙe ki!"

Ta yaye zanen gado ta lulluɓe madubin. Ta fita bayan ɗaki ta toshe bakinta da mayafi ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska ta dawo tana murmushi.

A layin ganin likita ne kawai take samun mai ɗebe mata kewa. Wata dattijuwa ce 'yar Maradun, Goggo Nagode, mai ƙarfin murya da goro a kunci, wadda dubawa kawai ke kawo ta. Ta gaya wa Na'ima irin ciwon Lukman ta yi, an yi mata aiki shekaru da suka wuce. "In kin shigo Maradun ki ce gidan Nagode mai awaki, ko ɗan yaye ya san shi," ta ce.

Ana cikin haka, wata ranar da hantsi, yayan Na'ima Jafaru ya iso daga Bakura. Ya gaida Inna, an kwana lafiya, ya mai jiki, ya ƙoƙari, ya zafi, Allah ya sawwaƙe. Ya leƙa Lukman da ke barci, daga bakin ƙofa, bai shiga ba. Sannan ya ja ƙanwarsa gindin dalbejiya. Inna ta shige madafa.

"Baba ya ce in taho da ke."

"Lafiya dai, Yaya?"

"Dubi yadda kika koma! Mutane na cewa cutar nan ana ɗauka. Kuma an ce maganin da ake ɗura masa yana kashe haihuwa. Ke yarinya ce, Na'ima. Ki dawo gida ki huta, in abin ya lafa a san abin yi."

"A san abin yi? Wato a nemi takardata?"

Jafaru ya kau da kai. "Ni ban ce ba."

"Yaya, ba a ɗaukarta, da bakina na tambayi Dakta. Haihuwa kuwa ta ce tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa, kuma ko lokacin da yake da lafiyarsa ai Allah bai ba mu ba. Ka gaida Baba, ka ce ban taɓa tsallake maganarsa ba, yanzu ma roƙonsa nake. Shi ya ɗaura mini auren nan, kuma bai ce mini na ranakun lafiya ne kaɗai ba. Mutumin da ko kofi ba ya iya riƙewa, in tafi in bar wa wa?"

"Yana da uwa!"

"Uwar da ta binne mijinta da wannan cuta? So kake ta zauna ita kaɗai tana kallon ɗanta yana komawa kamar shi?"

Jafaru ya miƙe yana kaɗe riga. "Taurin kai! In ya mutu ya bar ki kada ki zo mana da kuka!"

"In ya mutu, a ɗakinsa zan yi takaba."

Ko ruwan da ta kawo masa bai sha ba, ya fice. Ta zauna a gindin bishiyar. Can sai ta ji motsi. Inna ce tsaye a kanta da kwanon fura. Ta ajiye a gabanta, ta daɗe tana dubanta.

"Sha," ta ce. "Ke ma mutum ce."

Ba ta ƙara komai ba, amma daga ranar ita ta karɓi girki.

Da aka gama zagayen maganin aka sake ɗaukar hoton cikinsa. Ciwon ya ƙanƙance fiye da rabi. Da labarin ya iso gida Inna ta rangaɗa guɗa, ta sa aka toya waina aka raba sadaka. Amma maganar Dakta Farida ba ta tsaya nan ba.

"Yanzu ne lokacin aikin," ta ce musu. "Ya yi ƙanƙanta, zai fi sauƙin cirewa. Jikinka ba zai ɗauki maganin nan har abada ba, Malam Lukman, ga yatsunka nan shaida. In muka tsaya haka zai sake girma, kuma yana iya tsallakawa hanta. In ya kai can, maganar ta canza."

Da suka gaya wa Inna sai ta ce, "Magani ya yi aiki, mi za a yi da wuƙa kuma?"

Na'ima ta tuna wa mijinta alkawarinsa. Ya zauna, ya saurare ta har ƙarshe. Sannan ya ce, "Gaskiyarki ce. Amma ba zan shiga ɗakin nan Inna na kuka a kaina ba. In ban fito ba, da wane ido za ta dube ki?"

Washegari Na'ima ta durƙusa gaban surukarta. "Inna, rakiya nake roƙo. Maradun za ni, akwai wadda nake so ki gani. In kin gan ta kin ce a'a, wallahi ba zan sake ɗaga maganar aiki ba."

Inna ta dube ta. Da a da ne da ta kore ta. Sai ta ce, "Ɗauko mini mayahi."

Suka hau motar safe. Direba na ta sauri, don ba mai son yamma ta riske shi a hanyar nan saboda 'yan bindiga. Fasinjoji kowa ya yi tsit, sai leɓe ke motsi da addu'a har suka shiga gari.

Sun tarar da Goggo Nagode ta shigo da damin harawa a ka, awaki na bin ta suna kuka. Ta yar da damin ta tarye su da murna. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi mutanen Mafara da mai jiki. Na'ima ta faɗi abin da ya kawo su. Goggo Nagode ba ta yi wata-wata ba, ta ja su ɗaki ta saki labule, ta ɗaga rigarta.

Dogon tabo ne daga saman cibiya har ƙasa, ya warke ya yi fari. A gefen hagu ga jaka manne da fata, tsaf da ita.

Inna ta ja da baya tana salati. Can ta matso, ta miƙa hannu a hankali ta taɓa tabon, kamar mai taɓa abin da zai ƙone ta.

"Da wagga kike salla?"

"Da ita nike salla, da ita nike zuwa gona, da ita na aurar da ɗiyana biyu! Malaminmu ya ce lalura ce, in tsabtace jikina in yi alwala kowace salla, Allah na karɓa. Tawa ta zama ta har abada don na makara. Ta ɗanki an ce ta ɗan lokaci ce."

"Mijina an yi mai aikin nan," in ji Inna. "Bai tashi ba."

"Allah shi jiƙan shi. Tun yaushe yake ganin jinin kahin a kai shi?"

Inna ta lissafa da yatsu.

"Damina uku. Bai bari kowa ya sani ba sai ni. Sai da cikin ya toshe ya kumbura kamar tulu munka kai shi."

"Da likitan ya hito, mi ya ce?"

"Ya ce sun buɗe sun tarar ta riga ta kama ko'ina."

Goggo Nagode ta sauke rigarta, ta kama hannun Inna da hannu biyu. "To 'yar'uwa, can wuƙar ta tarar da ita. Ba ita ta kai ta ba."

Inna ta fashe da kuka, irin kukan da Na'ima ba ta taɓa jin babba ya yi ba. Ba wanda ya hana ta. A mota, tun daga Maradun har Talata Mafara, hannun Na'ima na cikin nata.

Suna shiga gida ta wuce ɗakin ɗanta kai tsaye.

"Lukman, na janye rantsuwata, zan yi kaffara. Ka tahi a cire maka abin nan."

Ya tashi zaune da ƙyar. "Inna, har yanzu ina jin muryar Baba."

"Ni ma ina jin ta. Amma ubanka ɓoyo ya kashe shi, kuma da yana raye shi zai fara kai ka."

Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi Na'ima da ke tsaye bakin ƙofa. Ya goge fuska da baƙin tafin hannunsa. "Tsoron bai tafi ba," ya ce. "Amma na yarda. Ni da kaina na yarda."

Ranar aikin Inna ta ƙi zama. Tun safe tana tsaye a bakin ƙofar tiyata da carbi, duk wanda ya fito da farin kaya sai ta bi shi da ido. Azahar ta wuce, aka kira la'asar. Da ƙofar ta buɗe Dakta Farida ta fito tana cire abin rufe fuska, Inna ta zube ƙasa tun kafin a ce komai.

Likitar ta durƙusa gabanta. "Mama, tashi. Mun cire shi gaba ɗaya, kuma ba mu ga alamar ya tsallaka ba. Yana numfashi da kansa."

"Alhamdulillahi! Alhamdulillahi!" Na'ima ce ke faɗa, tana dariya tana kuka.

Sai dai wahala ba ta ƙare a nan ba. Ranar da Lukman ya fara ganin jakar a cikinsa, ya juya fuska bango ya yini bai ce uffan ba. Ya hana Na'ima kusantar wurin. Ita kuwa ta bi nas a baya ta koyi yadda ake cirewa, a wanke, a busar da fatar, a manna sabuwa. Wata Juma'a bayan sun dawo gida ya shirya tsaf cikin farar shadda zai tafi masallaci, a hanya jakar ta yi yoyo. Ya dawo da sauri yana rufe rigar da hannu, ya faɗa ɗaki ya fashe da kuka.

"Ki tafi Bakura, Na'ima. Jafaru ya yi gaskiya. Na yafe miki, ki tafi ki samu cikakken mutum!"

Ta ajiye bahon ruwan ɗumi a gabansa. "Ka gama? To ka daina kora ta, ba inda za ni. Ɗaga rigar."

Ya dube ta cikin hawaye, dariya ta ƙwace masa. Ranar ya bari ta canza masa, kuma Juma'a mai zuwa ya je masallaci ya dawo lafiya.

Aka ƙara masa wasu zagaye na kemo don a share abin da ido bai gani ba, suka sake shan aman da gyambon baki, amma wannan karon su uku ne a kan jinyar. Bayan wasu watanni aka yi ƙaramin aiki aka mayar da hanjin, aka rufe wurin jakar.

Yatsunsa ba su dawo daidai ba har yau. Ya bar wa Balarabe aikin wuƙa, shi ya koma sayen shanu a kara, inda ido ake buƙata. A shekara ta uku da aikin, lokacin da Na'ima ta riga ta fitar da rai, Allah ya ba ta ciki, ta haifi 'ya mace aka sa mata Zahra. Ranar suna mahaifinta ya zo daga Bakura da kansa, Jafaru na bayansa riƙe da igiyar rago. Jafaru ya durƙusa gaban Lukman ya kasa ɗaga ido.

"Ka yafe mini. Na so in raba ku a lokacin da ka fi buƙatarta."

Lukman ya ɗago shi. "Ƙanwarka ka ji wa tsoro. Ni ma ai na kore ta, ta ƙi tafiya."

Har yanzu duk bayan 'yan watanni sukan hau motar Sakkwato a duba jininsa, a ɗauki hoto. Dakta Farida ba ta taɓa ce musu an gama ba, cewa take yi, "Wannan karon ma lafiya." A irin wannan safiyar ba mai iya karyawa a gidan, kuma Inna ba ta barin kan sallaya sai wayarta ta yi ƙara ta ji muryar ɗanta.

Mai karatu, tsoron abin da ya sami wanda ya rigaya kan sa iyaye su tare wa mai rai hanyar magani, suna ganin ƙauna suke yi. Na'ima ba ta zagi surukarta ba, ba ta kuma bar gaskiya don a zauna lafiya ba. Ta haɗiye baƙar magana, ta yi jinya, ta jira har ta samu hanyar da zuciyar tsohuwa za ta iya bi. Wanda ya ga jini kada ya ɓoye, wanda likita ya ba shawara ya saurara tun da sauran lokaci. Wadda kuma ta ce tana so, ta sani wata rana son nan zai iya zama bahon ruwan ɗumi a hannunta da miji yana kuka yana korar ta. In ta tsaya a ranar, Allah ba ya manta ta.